Me ya sa ake ba mutum maganin raɗaɗi tun kafin a yi masa tiyatar hanyar fitsari?

Sagir M.
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mahaifinmu ne za a yi wa aikin furostet (naman nan da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsarar namiji) mako mai zuwa, irin wanda ake zura na'ura ta hanyar fitsari a kankare naman da ya toshe hanya, ba yankan ciki ba. Likitan da ya duba shi ya ce da safiyar ranar za a ba shi ƙwayoyin rage raɗaɗi ya haɗiya tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da ciwo bai taɓa shi ba tukuna, me maganin zai kashe? Sannan an ce kada ya ci komai, to yaya zai sha magani cikinsa babu abinci? Shekarunsa 71, yana da hawan jini, kuma a gwajin jinin da aka yi masa an ce ƙodarsa ta ɗan ja baya. Don Allah masu ilimin abin a cikinmu su fahimtar da ni.

Maman Ilham
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ni dai a ganina rigakafi ne, wanda aka ce ya fi magani. Amma bari likitocinmu su zo.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Amin. Sagir, tambayarka tana kan hanya, su kansu likitoci sun daɗe suna yi wa juna ita.

Ga inda tunanin ya samo asali. Idan aka yanka nama ko aka ƙona shi, jijiyoyin wurin suna ta aika saƙo zuwa laka, ko da mutum yana cikin barcin tiyata bai san abin da ake ciki ba. Idan saƙon ya yi yawa kuma ya daɗe yana zuwa, lakar kanta takan koma mai saurin harzuƙa. Abin da a da zai zo a matsayin ɗan zafi sai ya zo da ƙarfi, har taɓa gefen wurin ma ya zama ciwo. Wani masani, Clifford Woolf, shi ya nuna haka a kan ɓeraye a 1983, sannan a 1988 Patrick Wall ya ja hankalin likitoci cewa ya kamata a gwada tare ciwon tun bai iso ba. Ban da wannan, naman da aka ji wa rauni yana fitar da sinadaran da ke kawo kumburi da zogi, wasu magungunan kuwa aikinsu shi ne hana jiki ƙera waɗannan sinadaran, don haka gara su riga wuƙar isa wurin.

Batun ciki kuwa kada ya dame ka. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa garai kuma awa 2. Kurɓin ruwan da za a haɗiyi ƙwaya da shi ba ya ɓata komai, kuma farasitamol ba ya buƙatar abinci a ciki.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna
Dakta, ranki ya daɗe, ina da ɗan ja a nan. Abin da aka gani a jikin ɓera bai fito haka a jikin mutane ba. A 2002 wasu likitoci a Denmak sun tattara gwaje-gwaje 80 da aka kwatanta ba da magani kafin yanka da ba da shi bayan yanka, magani iri ɗaya, adadi ɗaya. Ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Ina faɗin haka ne don kada mutane su ɗauka cewa ƙwaya biyun safiyar nan ita ce za ta hana ciwo gaba ɗaya, idan kuma mara lafiya ya farka yana kuka da marar sa su ce an yi sakaci.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Gaskiyarka Malam Kabiru, ban musa ba. Shi ya sa yau ba ma cika jayayya a kan "kafin wuƙa ko bayan wuƙa" ba. Abin da muke nema shi ne kada a bar giɓi. Bari in misalta da aikin Baban Sagir. Galibi allurar baya ake yi, a kashe daga cibiya zuwa ƙasa. Cikin 'yan awanni allurar za ta fara saki. Idan a lokacin babu komai a jininsa, ciwon zai zo masa gaba ɗaya, sai a ruga neman allura mai ƙarfi irin su mofin, ita kuma ga tashin zuciya, ga magagi, ga taurin bayan gida, wanda shi ne abin da ba a so ga mutumin da aka kankare wa furostet, don yunƙuri a bayi yana iya tayar da zubar jini. Ƙwayar farasitamol tana ɗaukar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ta kai ƙarfinta a jini. Idan ya sha ta da safe, aka ci gaba da ba shi a kan lokaci, ba sai ya roƙa ba, to allurar bayan za ta sauka ta tarar da wani abu a tsaye.

Kuma ba magani ɗaya ake dogara da shi ba. Tun 1993 Kehlet da Dahl suka yaɗa tsarin haɗa magunguna biyu ko uku masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kowanne da ɗan matsakaicin adadi, maimakon a lafta guda ɗaya mai ƙarfi. Wannan shi ne ainihin abin da ya sauya kula da ciwon bayan tiyata, ya fi batun lokacin haɗiya tasiri.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna
To a nan mun haɗu. Ci gaba da shan magani a kan lokaci bayan aikin shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Auwal S.
Ni fa ina ganin ana tsawaita zance. Sagir, ka ba Baba diklofenak tun daren ranar, da safe ma ya ƙara. Lokacin da tsakuwar ƙoda ta kama ni shi kaɗai ya iya kwantar mini da ciwon, alhali wasu alluran duk sun kasa.

Nas Rabi'atu
Subhanallahi. Sagir don girman Allah kada ka yi haka.

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
Malam Auwal, abin da ka ji a jikinka gaskiya ne. Ga murɗar tsakuwa, diklofenak da danginsa irin su aibufurofen suna cikin mafi inganci, don suna rage kumburi da matsin da ke taruwa a ƙoda. Amma kai da Baba ba ɗaya ba ne. Sinadaran nan da maganin yake hana ƙerawa, su ne kuma suke buɗe wa ƙoda hanyar jini a lokacin da jiki ya rasa ruwa. Ka ɗauki dattijo ɗan shekara 71, ƙodarsa ta riga ta ja baya, ya kwana bai ci ba, zai yi asarar jini a wurin aiki, wataƙila kuma a cikin magungunan hawan jininsa akwai mai sa fitsari da irin su lisinofiril. Ka ɗora masa diklofenak a kan wannan, ƙodar tana iya tsayawa cak. Ga kuma gyambon ciki, ga shi yana rage wa jini saurin daskarewa, alhali wurin da aka kankare ba ɗinke shi ake yi ba.

Ba cewa nake ba a amfani da su a tiyatar mafitsara ba. Ana yi sosai, ga mai ƙoda lafiyayya, kuma suna rage buƙatar mofin ƙwarai. Akwai ma selekoksib da ba ya taɓa daskarewar jini, amma shi ma bai bar ƙoda ba. Wanda ya ga sakamakon gwajin kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, shi ke da hurumin yanke wannan hukunci.

Auwal S.
Na ji Dakta. Amma ai likitan nasa ma ƙwayoyi ya ce zai ba shi, ta yiwu shi ɗin ne.

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
Ta yiwu, ta yiwu kuma farasitamol ne kawai. Sagir ya tambaya a gaya masa sunayensu, haƙƙinsa ne. Idan har akwai irin wannan a ciki, ya tuna wa likitan batun ƙodar. Babu likitan kirki da zai ji haushin haka.

Malam Yusha'u
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma an taɓa fasa mini tsakuwa ta hanyar fitsari, aka bar mini siririyar robar nan da ake sawa daga ƙoda zuwa mafitsara. Abin da nake so masu shirin shiga su sani shi ne, ciwon da na sha ba irin na yanka ba ne ko kaɗan. Fitsari nake ji kullum, in je in tsuguna, ɗan kaɗan ya fito da ja-ja a ciki, kuma a daidai lokacin da yake fita sai wani zogi ya taso daga mara ya hau har kwiɓina, kamar ana tura wani abu sama. Minti kaɗan ya lafa. In na yi tafiya mai ɗan nisa ya dawo. Farasitamol bai yi masa wani abin kirki ba. Sai da aka ƙara mini wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a rana sannan na samu sauƙi. Da an gaya mini tun farko haka abin yake, da ban tsorata ba, don na ɗauka aikin ne ya ɓaci.

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
Malam Yusha'u ka taɓo babban abu. Zogin da ke hawa kwiɓi yana faruwa ne saboda robar ta bar hanya a buɗe, idan mafitsara ta matse don fitar da fitsari sai wani ya koma sama zuwa ƙoda. Ƙarshen robar kuma yana gugar mafitsara daga ciki, shi ne yawan jin fitsarin. Da alama tamsulosin aka ba ka, wanda yake sassauta naman wurin. Yana sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, kuma wanda ke shirin aikin yanar ido dole ya gaya wa likitan idonsa yana sha, don yana shafar yadda ake aikin.

Nas Rabi'atu
Bari in ɗora a kan maganar Malam, don mu ne muke tsaye a bakin gado idan an fito da su.

Abin da ya fi tayar wa maza hankali bayan aikin furostet ba wurin kankarar ba ne, robar fitsari ce. Tana da kauri, kuma a ƙarshenta akwai 'yar balan-balan da ake cikawa da ruwa don kada ta zame. Mafitsara tana jin baƙon abu sai ta riƙa matsewa tana son fitar da shi. Za ka ga dattijo mai kamun kai yana yunƙurin sauka daga gado, yana cewa a bar shi ya je ya yi fitsari zai fashe, ga jaka kuwa tana cika a gefensa. Wani har hannu yake kaiwa zai fizge robar, in kuwa ya fizge ta da balan-balan ɗin a cike, raunin da zai ji wa kansa ya fi na aikin. Wanda aka zaunar aka yi masa bayani tun kafin a shiga da shi, wallahi yakan fi haƙuri nesa ba kusa ba. Ni ina lissafa wannan bayanin cikin abin da ake ba mutum kafin tiyata.

Amma Sagir, ga abin da za ka sa wa ido. Bayan aikin za a rataye ruwa yana shiga mafitsara ta robar yana fita, don ya wanke jini. Ka riƙa duban jakar. Idan ka ga ruwa yana shiga amma fitarsa ta ragu ko ta tsaya, marar Baba ta kumbura ta yi tauri, yana gumi yana juyi, to gudan jini ne ya toshe robar. Wannan babu maganin raɗaɗin da zai taɓa shi. Ka kira nas nan take a wanke robar. Da zarar gudan ya fita za ka ga mutum ya sauke ajiyar zuciya. Kada ka zauna kana jiran allura ta yi aiki.

Sagir M.
Allah ya saka da alheri Anti Rabi'atu, wannan ban taɓa jin sa ba. To shi matsewar mafitsarar akwai maganin da ake bayarwa tun kafin aiki?

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
Akwai. Irin su oksibutinin, tolterodin da solifenasin suna kwantar da matsewar, kuma an gwada ba da su kafin aiki an ga sun rage damuwar robar. Gabafentin da firegabalin, magungunan ciwon jijiya, su ma an gwada su a kan haka. Ni na ga amfanin gabafentin a wurin matasa da masu matsakaicin shekaru da za a bar wa roba mai kauri.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Dakta Nasiru, a kan gabafentin ni na ja baya sosai. Akwai lokacin da kusan kowane mai shiga tiyata ake miƙa masa shi da safe. A watan Disamba na 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shi da firegabalin suna iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi, masu ciwon huhu, da wanda aka haɗa masa da irin su mofin. A 2020 kuma aka tattara gwaje-gwaje 281, aka ga ragin ciwon da suke kawowa bai kai wanda mara lafiya zai ji a jikinsa ba, jiri da dishi-dishin gani kuwa sun ƙaru. Ga shi ta ƙoda suke fita. Dattijon da ƙodarsa ta ja baya, maganin zai daɗe a jikinsa, ya tashi da dare cikin magagi da roba a jikinsa ya faɗi. Wannan shi ne abin da nake tsoro.

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
Ga Baban Sagir ban ce a ba shi ba, kuma ba zan ba shi ba. Amma waccan tattarawar ta haɗa tiyata iri-iri ne tana auna ciwon aiki gaba ɗaya. Damuwar robar fitsari wani abu ne daban, kuma ba na son a rufe ƙofar gaba ɗaya.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Ban rufe ba, na dai ce a daina bayarwa ido rufe. Oksibutinin ɗin ma ba a bar shi haka ba: yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana iya rikita tunanin tsoho, kuma ba a ba mai wani nau'in hawan jinin ido. Ni da in ba ɗan shekara 71 tun da safe don tsoron abin da wataƙila ba zai same shi ba, gara in jira in ga ko matsewar ta zo.

Dakta Nasiru, sashen tiyatar mafitsara
A nan kam kowa da abin da ya gani a ɗakinsa.

Mamba, an ɓoye suna
Ina neman afuwa, tambayata ta ɗan kauce. Idan mutum ya saba shan tiramadol kullum, ba da umarnin likita ba, kuma za a yi masa aikin ƙoda, dole ne ya faɗa? Yana jin kunya, kuma yana tunanin ya daina kwana biyu kafin ranar.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Ɗan'uwa, ya faɗa, kuma ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha. Ba don a yi masa faɗa ba ne. Jikin da ya saba da irin wannan magani, adadin da yake isar wani ba zai ishe shi ba, sai ya farka cikin azaba mu kuma mu rasa dalili. Idan kuma ya yanke shi farat ɗaya, gumi da karkarwa da ciwon jiki da rashin barci za su haɗu da ciwon tiyatar. Tiramadol yana iya jawo farfaɗiya idan ya yi yawa, yana kuma karo da wasu magungunan da muke amfani da su. In muka sani tun da wuri, akwai shiri na musamman: allurar kashe jijiyoyin gefen ciki, ƙaramin adadin ketamin, wani maganin sa barci da kashe ciwo, a lokacin aiki, da tsarin rage maganin a hankali daga baya. Yana iya neman ya ga likitan sa barci shi kaɗai ba tare da 'yan rakiya ba. Abin da ya faɗa amana ce.

Haka duk wani abin da mutum yake sha, har na ganye da na ƙarin kuzari. Masu shan maganin tsinka jini kuwa, irin su asfirin, kilofidogirel ko wafarin, kada su tsayar da kansu kuma kada su ci gaba da kansu. Likita ne zai ce wanne za a tsayar da kuma yaushe.

Maman Ilham
Dakta, yara fa? Ɗan ƙanwata za a gyara masa hanyar fitsari, bai kai shekara biyu ba.

Dakta Hauwa, likitar sa barci
Yara da nauyinsu ake auna musu komai, don haka a tabbata an ɗora shi a sikeli kafin aikin. Galibi bayan ya yi barci ana yi masa allura a can ƙasan gadon baya ko a gindin gabansa, ta riƙe shi awanni bayan ya farka, sai farasitamol ya karɓa. Kada a ba shi kodin ko tiramadol a gida. Tun 2017 hukumar Amurka ta hana ba yaran da ba su kai shekara 12 ba, saboda jikin wasu yana sarrafa su da sauri fiye da kima har numfashi ya tsaya.

Malam Yusha'u
Mai ciwon suga fa? Na ji ana cewa akwai allurar da ake yi a farkon aiki da ke tayar da suga.

Kabiru, mai harhaɗa magunguna
Deksametason kake nufi Malam. Ana yin ta sau ɗaya don hana amai, tana kuma ɗan rage kumburi da ciwo. Gaskiya ne tana ɗaga suga na kamar kwana ɗaya, shi ya sa ake yawaita auna mai ciwon suga bayan aiki. An yi babban gwaji da aka wallafa a 2021, ya nuna miligiram 8 sau ɗaya bai ƙara yawan ruɓewar rauni ba, har ga masu ciwon suga.

Tunda ana maganar komawa gida, akwai abin da nake yawan gani. Mutane suna raina farasitamol suna ganin ba ya illa. Iyakarsa ga babba giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ciwon hanta, mai yawan shan giya, da wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, nasu bai kai haka ba. Matsalar ita ce da yawa daga cikin magungunan mura da wasu na ciwon jiki suna ɗauke da farasitamol a ciki. Sai mutum ya sha wanda aka rubuta masa, ya ƙara da na mura, ya wuce iyaka bai sani ba, hanta kuwa ba ta nuna alama sai bayan kwana ɗaya ko biyu. A riƙa karanta bayan kwali.

Nas Rabi'atu
Kuma in an sallami mutum, ɗan zafi wajen fitsari da ja-ja kaɗan na iya ɗaukar makonni, yana tafiya yana dawowa. Amma zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, ko gudajen jini manya, ko ciwon da kullum ƙaruwa yake duk da magani, waɗannan ba na ƙara ƙwaya ba ne. A koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.